Sunan da Za a Sa a Goshin Zaure

To, ku gyara zama. Kai mai jar hula, ajiye wayar nan, ba za ta gudu ba. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku za ku yanke ta, don ni kam na juya ta har na gaji.

A wani gari cikin ƙasar Zazzau an yi wani magini ana ce masa Malam Jibo. Ginin ƙasa ya gada kaka da kakanni, kuma cikin duk abin da hannunsa ya ɗora, zaure guda ne yake tinƙaho da shi. Ya gina shi ne a bakin hanyar kasuwa tun yana da ƙarfinsa, ya ƙawata fuskarsa da zane tun daga dokin ƙofa har zankwaye. Shekarar da aka zo faɗaɗa titi aka rushe zauren, shi kuwa yana kwance a asibiti. Ba wanda ya yi tunanin ɗaukar hoto. Hoto ɗaya da aka samu na wani biki ne, 'yan ɗaurin aure sun cika ƙofar da manyan riguna, sai ɗan gefen bango ake gani.

Da tsufa ya kama shi sai ido ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma yana kan hanya. Ganinsa ya tsuke, ya koma kamar mai leƙe ta ramin kara.

Yana da 'ya mai suna Rahane, ita ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ta yi karatun zanen gine-gine, sana'arta kuma a ɗakinta take yi da wata tsohuwar kwamfutar tebur. Mai shirin gini ya zo, ta fito masa da hoton gidansa tun ba a haƙa harsashi ba. Wata rana tsohon ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya ce, "Uwata, tunda kina nuna wa mutane gidan da ba a gina ba, ba za ki nuna mini wanda aka rushe ba? Ko sau ɗaya ne, kafin fitilar ta mutu."

Rahane ta ce to, ba ta san abin da ta ɗauko wa kanta ba. Shi ke faɗa, ita ke zanawa. In baki ya kasa, ya kama tafin hannunta ya zana mata da yatsa. Ta yi wannan ya ce ba haka ba ne, ta gyara ya ce na farkon ya fi kusa. Malam Jibo ko da idonsa na garau ba mai sauƙin gamsuwa ba ne, balle yanzu. Damina ta wuce suna kai, kaka ta wuce, sanyi ya zo ya tafi. Ta bar ayyukan mutane, ta rame, wani lokaci ta shiga kicin ta yi kukanta ta wanke fuska ta dawo. A ƙarshe dai ƙashin zauren ya tsaya cikin kwamfuta, ba abin da ya rage.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Zanen magina launinsa ɗaya da bango, inuwa ce ke fito da shi. Sai rana ta bugi bangon a karkace, kowane tudu ya jefa inuwarsa, sannan ido ya ga aiki. Kafin kwamfuta ta fito da irin wannan hoton sai ta lissafa inda kowane haske zai faɗa, ta daɗe tana yi ba tsayawa. A gidan, dahuwa suke ce wa wannan aikin. Tsohuwar kwamfutar Rahane kuwa da an ɗora mata sai ta yi ta gurnani, ta yi zafi, ta mutu. Ɗan abin da ta iya fitarwa dishi-dishi ne. Tsohon ya kai fuskarsa jikin gilashin, ya daɗe, ya ce, "Na ga bango. Ban ga aikina ba."

A nan ne Rahane ta kira 'yan'uwanta maza uku, Ilu da Mudi da Sallau, ta gaya musu ita ƙarfinta ya ƙare, idon Baba kuma ba ya jira.

Ilu shi ne babba, direban tirela ne tsakanin Kano da Legas. Abin da kwamfutar ta rasa shi ne katin hoto mai ƙarfi, wani ƙarfe mai fankoki da ake sokawa a cikinta, shi ke ɗaukar nauyin lissafin haske. Irin wanda ake so babu shi a garinsu. Ilu bai san kan kwamfuta ba bai san gindinta ba, hoton abin kawai ƙanwarsa ta tura masa a waya. Da shi ya bi kasuwar kayan lantarki ta Legas rumfa-rumfa, ana yi masa dariyar yadda yake kiran sunan. Na farkon da aka ba shi, sai da ya kawo gida aka gane gawa ce aka goge aka sa a kwali. Ya mayar da shi aljihun jaka ya koma. A karo na biyu ya ƙi motsawa sai an gwada a gabansa, ya zauna a garin yana jiran a kawo mai kyau, motar mutane tana ajiye da kaya. Mai motar ya kira ya kira, daga baya ya aiko wani direba ya karɓi makulli. Ilu ya dawo a motar haya, ya naɗe katin cikin rigarsa ya rungume a ƙirji saboda ramukan hanya. Ya shigo gida ba aiki, ƙafafu a kumbure, ya ajiye a gaban Rahane ya ce, "Ga shi. In wannan ma gawa ce, kada ki gaya mini sai na yi barci."

Katin lafiyarsa lau. Sai dai ya fi cikin kwamfutar tsawo, kuma abin da ke raba wa kayan ciki wuta ba zai iya ciyar da shi ba. Nan aikin Mudi ya zo. Shi mai gyaran rediyo da talabijin ne a bakin tasha, mutum mai shiru kamar ba ya ɗaki. Ya rufe rumfarsa ya dawo gidan da jakar kayan aiki. Da ya buɗe murfin sai ga zanzaro ya yi gininsa na laka a jikin fanka, shi ya sa ba ta juyawa sosai. Malam Jibo da ya ji, ya ce ai ko zanzaro ya san gidan magini ya shigo. Ita ce dariyar farko da aka yi a gidan cikin watanni. Mudi ya ciro komai ɗaya bayan ɗaya, ya share, ya yanke ƙarfen da ya tare wa katin hanya da ƙaramin zarto, ya canza abin raba wutar. Ya kankare busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfutar da ƙarfen da ke sanyaya ta, ya shafa sabo. Duk da haka da aka kunna, zafin bazara ya sake kashe ta, don ɗakin Rahane bulo ne da kwano. Mudi ya kalli rufin, sannan ya kwashi kayan ya kai ɗakin mahaifinsu na ginin ƙasa, wanda ko da tsakar rana sanyi gare shi. Ya jiƙa buhu ya rataya a taga. Tun daga nan bai bar gefenta ba, hannunsa a jikin ƙarfen yana jin zafinta, in buhu ya bushe ya sake jiƙawa. Masu kawo masa gyara suka gaji da zuwa suna tarar da kwaɗo a ƙofa, suka koma wurin maƙwabcinsa.

Saura wuta. Dahuwar nan ba ta son yankewa, in aka ɗauke wuta a tsakiya sai a koma farko. Kun san halin wutar garuruwanmu, ba sai na ɓata bakina ba. Sau da yawa hoton na kaiwa rabi sai ɗif, Rahane ta dafe kai. Suka gwada janareta, ya yi ta hawa da sauka har Mudi ya ce a kashe kafin ya ƙona katin. Sallau shi ne autansu, noman rani yake yi a fadama, kuma duk abin da ya mallaka a duniya farantan sola ne da batura da yake ja wa albasarsa ruwa da su. Albasar ta fara ƙwai, lokacin da ta fi son ruwa ke nan. Ba wanda ya roƙe shi, don ba wanda ke da fuskar roƙonsa. Da hantsi kawai aka ji ƙarar kurar ɗaukar kaya a ƙofar gida, ya kwance farantan ya ɗoro su. Ya hau rufi ya kafa, ya ja waya, ya jera baturan a bakin ƙofa. Rahane ta ce, "Sallau, albasar fa?" Ya ce, "Yaya, albasa ana sake shukawa." Ya riƙa zuwa fadama da guga yana ɗan yayyafa abin da ya iya, amma guga ba ya shayar da gona. Yana ji yana gani ganyen ya kwanta, fiye da rabi ya ƙone.

A haka kwamfutar ta kama aiki ba ta ƙara tsayawa ba. Ilu na kwance a tabarma yana tunanin inda zai nemi mota, Mudi na jiƙa buhu, Sallau na goge farantai. Kowa ya gaji da kowa, magana ma sai ta kama dole. Rahane kuwa kullum da safe sai ta ɗaga yatsu a gaban mahaifinta wai tana miƙa masa kofi, alhali gwada idon take yi.

Ranar da hoton ya nuna, suka riƙo tsohon suka zaunar da shi. Ga zauren nan tsaye, rana ta bugo shi daga gabas, kowane zane ya tashi da inuwarsa, har ɗan karkacewar da zanko na hagu ya yi. Malam Jibo ya matso da fuska, ya riƙa yawo da kai a hankali, don ba ya iya ganinsa gaba ɗaya sai gutsure-gutsure. Ya bi shi tun daga ƙasa, yatsansa na bin layin a iska. Bai ce ba haka ba ne ko sau ɗaya. Hawaye suka zubo, ya bar su. Rahane ta ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarta, har ta ji barci take so ba murna ba.

Sai ya kai goshin ƙofa ya tsaya. Akwai ɗan fili a wurin, fayau, ba komai. Ya ce, "Nan fa?"

Ta ce, "Baba, ba ka taɓa gaya mini abin da ke wurin ba."

Ya ce wurin suna ne. A gidansu, in gini ya ƙare, wanda ya tsayar da shi yakan rubuta sunansa a goshin ƙofa tun laka na ɗanye, shi ne aikin ƙarshe. Rahane ta ce to bari ta sa nasa. Ya girgiza kai.

"Nawa ya tafi da zauren ƙasa. Wannan ba ni na tsayar da shi ba. Ke kuma, Uwata, hannuna ce, bakina ya faɗa kika zana, ba a rubuta sunan hannu. Zauren ya zauna a cikin akwatin nan wata da watanni bai fito ba. Wanda ya fito da shi cikin 'yan'uwanki, shi za ki sa."

Ta ce a rubuta su ukun mana, ko a sa 'ya'yan Jibo a huta. Ya ce tun kakansa ba a taɓa sa suna biyu a ƙofa ɗaya ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Ya ƙara da cewa, "Ki yi shi da manyan baƙaƙe, tun ina iya karantawa."

Don haka kada wani cikinku ya kawo mini wannan dabarar, an riga an gwada ta. Ku kuma sani, sa sunan yana nufin a sake ɗora dahuwar, kuma sau ɗaya za a iya, don in farantan ba su koma fadama ba ragowar albasar ma ta tafi. Idon tsohon ma ba wanda zai rantse zai kai wani makon.

Rahane ta zauna gaban kwamfutar, yatsunta a kan madannai. Ta dubi Ilu. Ba don katin da ya rungumo ba, da Mudi ba shi da abin ɗaurawa, da wutar Sallau ba ta da abin ci. Ta dubi Mudi. Ba don shi ba, da katin na nan cikin kwali, ko ya ƙone a zafin farko. Ta dubi Sallau. Ba don shi ba, da har yau suna kaiwa rabi suna komawa farko, har idon ya rufe. Ɗaya ya rasa mota, ɗaya ya rasa masu kawo gyara, ɗaya ya rasa amfanin shekara. Su ukun suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ce ni, ba kuma wanda ya ce a ba wane. Tsohon na zaune ya kafa ɗan ragowar idonsa a kan filin nan, yana jira.

To, ga ku ga ta. In ku ne Rahane, sunan wa za ku rubuta a goshin zauren: Ilu, Mudi, ko Sallau?