Kunkuru Ya Zo Gayya Babu Fartanya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Bushiya ce ciyawa ta rufe mata gero, sai ta kira gayya. Giwa da Zomo da Kura suka zo da fartanyoyinsu. Kunkuru, sarkin gayya, ya zo hannu rabbana.

Kura ta ce, "Ba ka da fartanya, ba za ka sha fura ba. Koma gefe!"

Don tsoron Kura, Bushiya ta bar Kunkuru ya koma gefe.

Aka fara noma. Giwa tana tattake inda Zomo ya gama, Kura tana ta zagayen ƙwaryar fura. Kafin azahar, geron da aka karya ya fi ciyawar da aka nome.

Bushiya ta rugo da kuka. "Baba Kunkuru, rufa mini asiri!"

Ya ce, "Giwa, bakin gona, ki tuge kututture. Zomo, tsakanin shuka naka ne. Kura, can ƙarshen gona. Fura tana wurina."

Ya bi su yana dubawa, wanda ya bar ciyawa ya maido shi. Da la'asar gona ta yi fes.

Bushiya ta durƙusa ta miƙa masa ludayin farko.

Kura ta ce, "Shi me ya nome?"

Bushiya ta ce, "Ai da safe ma da fartanyarki, amma gerona mutuwa yake yi. Sha, Baba, Allah ya saka da alheri."

Ƙurunƙus kan ɓera, ta koma inda ta fito.