Tabarau a Kotun Alƙali Dikko

Malam Tanimu masanin fiƙihu ne, talaka, a zaurensa yake karantarwa. Ya ba da fatawa cewa a riƙa karɓar shaidar wanda ke nesa ta waya, don kada haƙƙin mutane ya salwanta. Alƙali Dikko, da ke da wata shari'a a gabansa wadda mai shaidarta ke nesa, ya fusata, ya sa aka kira shi.

Ya ce, "Tanimu, abin da babu shi a littattafan magabata ba ya shigowa kotun nan. Nuna mini waya a cikinsu, ko in rufe zaurenka yau."

"Allah ya gafarta Malam, ga littafi. Duba shafin nan da kanka."

Alƙali ya laluba aljihu, ya zaro tabarau.

"A'a, Allah ya gafarta Malam! A wane babi magabata suka ambaci tabarau? Ajiye shi tukuna."

Alƙali ya matso da littafin, ya nesanta shi, ko alif bai gani ba. Ya ce, "Ai tabarau ba ya canza rubutu, gani kawai yake ƙara mini!"

"Waya ma ba ta canza shaida, ji kawai take ƙara maka."

Alƙali ya maƙala tabarau, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, a kira mai shaidar ta waya mu ji."