Tsaga a Bangon Yaya

Akwai wani magini da mutanen unguwa suka laƙaba wa suna "Zai-Faɗi". Ku ji yadda ya samo sunan.

Wata safiya ya raka 'yarsa makaranta, sai ya hango tsaga a bangon ajinsu. Ya kwaɓa ɗan siminti ya shafa a kanta, faɗin yatsa biyu. Bayan kwana huɗu ya dawo, simintin ya dare. Ga mai sanin gini, bangon yana motsi ke nan.

Abin takaicin, yayansa ne ya gina ajin, kuma shi ya koya masa sana'ar.

Ya same shi a keɓe. "Yaya, harsashin nan ya zauna. Bangon zai faɗi."

"Kai! Ni za ka koya wa gini? Fice min da gani!"

Ya gaya wa shugaban makaranta, ya gaya wa iyayen yara. Kowa ya ce hassada ce. Yaya ya daina amsa sallamarsa. Mahaifiyarsu ta aiko cewa idan bai daina tona wa ɗan'uwansa asiri ba, kada ya ƙara tako mata gida. Ko shago ya shiga sai ka ji, "Zai-Faɗi, yau me zai faɗi?"

Wata rana ya idar da la'asar, ya kasa tashi daga sallaya. Namiji guda, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ya Allah, ni ban roƙi in ga tsagar nan ba. Mutum nawa suka wuce ba su gani ba, sai ni? Na rasa yayana, uwata tana fushi da ni. Na gwada yin shiru, abinci ya ƙi wuce min wuya. Wallahi na gaji. Ka ƙarfafa min zuciya, don ni kam ba zan iya yin shiru ba."

Washegari ya ɗauko benci ya zauna a ƙofar ajin, ya ce yaro ba zai shiga ba sai dai a ɗauke shi shi kansa daga ƙofar. Haka kullum. Shugaban makaranta ya gaji, ya mai da yaran wani aji, don a huta da masifarsa.

A rana ta tara aka yi ruwa, bangon ya rufta a kan bencunan yara, ba kowa a ciki.

Masu tsokana suka koma yabo. Shi ko murmushi bai yi ba, yana kallon yayansa da ya durƙusa cikin ɓaraguzai. Bencin da ya fi ragargajewa na autar Yaya ne, ita ma 'yar ajin ce.

Yaya ya ɗago ya dube shi. "Gobe ka zo da kayan aikinka. Kai za ka fitar da harsashin."

Darasi: Mai faɗin gaskiya ma yana da zuciya, yana jin zafi. Idan ta yi maka nauyi, kai wa Allah kukanka ba ɓoye-ɓoye, sannan ka tashi ka ci gaba. Tura wa wanda ka san yana ɗauke da irin wannan kaya.