Mai Sito Da Ya Rushe Bangayensa

Akwai wani mutum mai babban sito a bakin kasuwar hatsi. Da ya gina shi, sai ya raba cikinsa ɗaki-ɗaki, duk girmansu ɗaya, ya ba kowane manomi ɗaki da mabuɗi.

Wata shekara Allah ya yi wa gonaki albarka. Ran nan da yamma, ga hadari ya haɗu a gabas, sai wata gwauruwa mai suna Tabita ta iso da masararta a amalanke.

"Maigida, ka taimake ni da wuri. Abincin 'ya'yana ke nan na shekara."

Mutumin ya zaga sito, bai sami ɗakin da ba mai shi ba. Amma da ya leƙa, sai ya ga wani ɗakin buhu biyu ne kawai a ciki, wani kuwa mai shi ya daɗe da kwashe kayansa, ya tafi da mabuɗi. Abin ya dame shi ƙwarai.

Matarsa ta ce, "Maigida, wuri kam akwai. Bangayen nan ne suka cinye shi."

Sai ya yi dariya, ya ɗauko diga. Maƙwabta suka kawo hannu, aka rushe bango ɗaya, aka shigar da masarar Tabita. Buhu na ƙarshe yana shiga, ruwa ya kece. Suka tsaya a ƙofa suna kallo, Tabita tana rera waƙar yabo.

Kashegari ya rushe sauran, ya sa zana a madadinsu. Wanda ya zo, a ba shi wuri daidai kayansa. In kayan sun ƙaru, a matsar da zana. In ya sayar, ya mayar da wurin. A kakar nan ba wanda ya koma da hatsinsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, Ubangiji yana ba mu alheri daidai bukatar kowace rana, in bukatar ta ƙaru kuma ya ƙara. Ko masu tsara manhajar kwamfuta ta 'yan kasuwa haka suke yi da ma'ajiyar na'ura, wato inda take ajiye bayanai: su karɓi wuri sa'ad da suke bukata, su sake shi in sun gama. Amma mu, 'yan'uwa, mukan riƙe abin da muka gama da shi: rigar da ta yi mana kaɗan, gonar da ba ma nomawa, kujerar shugabanci. Ka sake shi yau da murna, gama wani yana tsaye a waje, ga kuwa ruwa ya taso.