Allon Kurege a Reshen Sama

An yi wani Kurege mai suna Jatau, wanda yake zaune a gefen wata fadama. Sana'arsa haƙa rumbunan ƙasa, kuma a gaskiya ya iya ta, domin ramin da ya haƙa ruwa ba ya shigarsa. Da ladan wannan aiki ya cika rumbunsa da gyaɗa. Ita ce abincinsa har zuwa kaka, a can ƙurya kuma ya ware ta iri domin shuka.

Abu guda ne yake ci masa rai. Duk masu ba shi aiki ƙananan maƙwabta ne, ɓeraye da bushiyoyi, kuma kowa "Jatau mai rami" yake ce masa. Shi kuwa a ganinsa, wanda ya kai shi ƙwarewa kamata ya yi a ce Giwa da Ɓauna ne suke aiko masa.

Wata rana wani Hankaka mai daɗin baki ya sauka a kan tsamiyar bakin kasuwa, ya yi shelar cewa ya buɗe Dandalin Ƙwararru. Kowane mai sana'a zai rataye allo ɗauke da sunansa da aikinsa, domin manyan daji su gani su ɗauke shi aiki. Rajista kyauta ce.

Jatau ya yini yana tsara allonsa. Bai rubuta "mai haƙa rami" ba. Ya rubuta "Babban Masanin Gine-ginen Ƙarƙashin Ƙasa", ya zana kansa da jela a miƙe. Da ya kai, sai aka rataye allon a gindin bishiya, inda awaki suke sosa jikinsu.

Ya ce wa Hankaka, "Alhaji, ina aka kai ni haka?"

Hankaka ya gyara farin ƙirjinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya." Jatau ya ji daɗin wannan kalma har ƙarshen jelarsa. "Nan wurin 'yan kyauta ne. Ni kaina da na ga sunanka a nan sai da kunya ta kama ni. Irinku rajistar zinariya ce ta dace da ku. Mudun gyaɗa ne duk tsayuwar wata, a ɗaura maka rawayan ganye a allo, kowa ya san ba a sahun talakawa kake ba."

"Reshen sama fa, inda idon Giwa yake kaiwa?"

"Wannan talla ce, farashinta daban, amma araha ce ƙwarai. Ba ka biyan komai sai an kalle ka. Ka ga Ƙadangaren can a jikin bishiya? Duk lokacin da wani ya dubi allonka zai kaɗa kai, kowace kaɗawa ƙwayar gyaɗa ɗaya. Kuma ba za mu wahalar da babba irinka da dakon kaya ba. Ka nuna wa tururuwanmu ƙofar rumbunka, su za su riƙa ɗaukowa da kansu."

Jatau ya auna maganar, ya ga ƙwaya ɗaya ba komai ba ce ga mai rumbu cike. A ranar ya yi wa tururuwa jagora har ƙofa, aka ɗaga allonsa zuwa reshen sama.

Ba a daɗe ba sai maƙwabciyarsa, wata tsohuwar Bushiya mai kaifin harshe da ake kira Iya Kuluwa, ta yi sallama.

Ta ce, "Jatau, damina na tafe, rumbuna ya rufta. Zo ka haƙa mini sabo, in cika maka ƙwarya da gyaɗa kamar yadda muka saba."

"Iya, yanzu ba a neman aikina a bakin ƙofa. Ki je dandali ki aiko mini da saƙo."

"Ga ni ga ka, har ina jin numfashinka, sai in tafi kasuwa in aiko maka da saƙo?"

"Tsari ke nan. Kuma aika saƙo ga ɗan zinariya akwai ɗan abin da ake biya."

"Wato in biya Hankaka kafin in roƙe ka ka karɓi gyaɗata. Ɗan nan, ni na dafa wa uwarka ruwan wankan jego. Na san ka tun jelarka ba gashi."

"Injiniya ake cewa yanzu, Iya."

"To, Injiniya, Allah ya kawo Giwarka. In ta zo ka haƙa mata ramin da za ta shiga har da haurenta."

Ta karkaɗe ƙayoyinta ta tafi. Jatau bai damu ba. Mai jiran aikin Giwa, a tunaninsa, bai kamata a gan shi da ƙasa a hanci saboda ƙwaryar tsohuwa ba.

Tun daga nan ya daina haƙa. Da sassafe sai ya tafi tsamiya ya tsaya yana duban allonsa. Ya duba daga gabas, ya zaga ya duba daga yamma, ya ja da baya ya ga yadda zai bayyana ga mai zuwa daga nesa. In ya kama hanyar gida sai ya waiwaya, in ya yi 'yar tafiya ya sake waiwayawa. Yakan lura Ƙadangare yana ta kaɗa kai, sai ya ce a ransa ko wannan ma ya yaba da zanen.

Giwa ba ta aiko ba. Ɓauna bai aiko ba. Tururuwa ne kaɗai ba su yi fashi ba, jerinsu ba ya yankewa tsakanin rumbunsa da tsamiya. Da Jatau ya leƙa ya ga gyaɗar ta yi ƙasa sosai, sai ya nufi wurin Hankaka.

"Alhaji, rumbuna yana ƙarewa, aiki ko ɗaya ban samu ba."

"Ƙarewar rumbu ai ita ce shaidar nasara, Injiniya. Da ba a kallonka, da gyaɗarka tana nan tana ruɓewa." Sai ya sauko da murya. "Bai kamata in faɗa maka ba, amma akwai wani wanda ya fi kowa duban allonka. Safe da yamma yana nan. Yakan daɗe a tsaye yana murmushi. Ban taɓa ganin wanda aikin wani ya burge kamar haka ba."

Jatau ya ce, "Wane ne?"

"Sunayen masu kallo sirri ne. 'Yan rajistar lu'ulu'u kaɗai ake gaya wa."

Da ya ji farashin, Jatau ya ga cewa in ba gyaɗar iri ba, ba abin da ya rage masa da zai kai. Ya yanke shawarar kama mutumin da idonsa a kyauta. Ya ɓuya a bayan wani suri, yana yini a can. In ya dubi hanya bai ga kowa ba, sai ya dubi allon, ko zai gane abin da ya ja hankalin wannan babba. Da ya sake tambaya, Hankaka ya ce, "Kwanan nan ma kallon nasa ya ninka. Ina jin yana gab da yanke shawara. Ka dai sani, manya ba sa son jira."

Wannan magana ita ta karya shi. Ya ce a ransa, wanda Giwa ta ɗauka aiki me zai yi da shuka? Ya koma gida ya buɗe ƙuryar iri da hannunsa, tururuwa suka kwashe.

Ranar kasuwa ce, gindin tsamiya cike da dabbobi. Jatau ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga murya domin kowa ya shaida. "Alhaji, na biya. A faɗi sunan."

Hankaka ya yi gyaran murya. "Wanda ya fi kowa kallon allon Injiniya Jatau, da rata mai nisa, shi ne Injiniya Jatau."

Wata akuya ta fara dariya, saura suka ɗauka.

Jatau ya ce, "Ni? Kallon da nake wa allona kuke cirar mini gyaɗa a kai?"

"Ido ido ne, ranka ya daɗe. Ƙadangare ba ya tambayar na wane ne."

"Ka ce mini babba ne."

"Na ce wanda aikinka ya fi burgewa. Ka nuna mini ƙaryata a ciki."

"To, wa ke bi mini a yawan kallon?"

"Gafiya. Ita ma haƙa take yi, tana zuwa ta ga abin da ka rubuta ta kwafa. Sai waccan akuyar, wadda take ɗaga kai domin cin ganye."

"Giwa fa?"

"Giwa ba ta da allo a nan, ba ta kuma zuwa. Surukinta ne yake mata duk aikin da take so."

Jatau ya dubi taron da kyau, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaga allonsa. Kowa a wurin mai neman aiki ne, kowa kansa a sama, yana kallon nasa allon.

Ya ce, "A sauke allona. Na fita."

"Hakkinka ne. Sai dai ana sanar da fita kafin tsayuwar wata, wata kuwa jiya ya tsaya. Tururuwa sun riga sun tafi ɗauko na wannan watan."

Da ya isa gida, bai tarar da komai a rumbu ba sai ɓawo. Ya haɗiye girmansa ya je ƙofar Iya Kuluwa.

"Iya, maganar rumbun nan."

Ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa. "Gafiya ta haƙa mini tuni. Bai kai naka kyau ba, amma ita da na kira ta sai ta zo. Kuma ɗan nan, yanzu ba a nemana a bakin ƙofa. Je ka aiko da saƙo."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, yunwa ta fara murɗa masa ciki. Yana zaune a bakin rumbunsa sai ga Hankaka ya sauka.

"Albishirinka, Injiniya. Dandali ya samo maka aiki."

Duk da abin da ya faru, kunnuwan Jatau sai da suka miƙe. "A wurin wa?"

"A wurina. Gyaɗa ta yi mini yawa, ruwa kuma na tafe. Ina son rumbu mai zurfi a gindin tsamiya, irin naka wanda ruwa ba ya shiga."

"Nawa ne ladan?"

"Wata guda na rajistar zinariya, kyauta."

"Alhaji, ganye ba ya ciwuwa."

Hankaka ya yi ɗan tunani. "To, fasassun ƙwayoyin da suka zube wajen zubawa, ka tsince. Kada a ce ba mu kula da 'yan dandalinmu."

Jatau ya karɓa, domin ba shi da zaɓi. Ya haƙa rumbun da bai taɓa haƙa mai kyansa ba, ya jera gyaɗar a ciki da hannunsa. Mafi yawanta tasa ce, har da ta irin.

Yana cikin ramin ya ji Hankaka yana shela daga reshen sama. "Jama'a, ku zo ku ga shaida. Ɗan rajistar zinariya ya samu babbar kwangila ta hanyar dandalinmu." Dabbobi suka taru a bakin ramin suna leƙensa da sha'awa. Wani Zomo ya ce, "Injiniya, ashe abin yana aiki?" Jatau ya buɗe baki zai amsa, sai ya ga Hankaka yana dubansa, ya tuna fasassun ƙwayoyin nan su ne abincinsa har kaka. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da haƙa. Zomo kuwa ya juya, ya tafi nuna wa tururuwa ƙofar gidansa.

Darasin wannan labari shi ne, mai sayar da wurin nuna kai ba ya jiran ka samu aiki kafin ya ci ribarsa. Irin wannan tsamiya tana nan yau a cikin wayoyin mutane, da rajistarta ta wata-wata da tallarta da ake biya bisa yawan kallo. Shigarta ba laifi ba ne, amma kafin ka nuna wa kowa ƙofar rumbunka, ka tambayi abin da za a riƙa cira, da wanda yake kallon, da yadda ake fita. Kada kuma ka kori wanda ya tako har ƙofarka da ladan aiki a hannu, saboda wani babba da bai san an haife ka ba.