Igiyar da Ta Ƙi Kaiwa Turke

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa wadda teku ya yi mata iyaka ta yamma, wani dogon kwari kuma ya ratsa ta ta gabas. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa. Kafin mai ƙara ya rufe baki, shi har ya yanke hukunci.

Tun zamanin kakansa aka kafa turakun ƙarfe biyu cikin dutse, ɗaya a kowane gefen kwarin, aka tufka igiyar fata daidai tsakaninsu, da ƙulli a tsakiya. Kowace kaka sai a miƙa ta, inda ƙullin ya faɗa nan ne iyakar gonakin ƙauyuka biyu. Riƙon igiyar gadon gidan wani bawan Allah ne mai suna Nomau.

Wata shekara igiya ta ƙi kaiwa. Aka ja, aka ja, saura taƙi guda. Waziri, wanda bai taɓa rasa mai laifi ba, ya ce ai Nomau ne ya datse ta don ƙauyen surukansa ya ci iyaka. Nomau ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, amma sarki ya ce a yanke masa hannu gobe da hantsi.

Da gari ya waye sai ga wani tsohon mai haƙar rijiya, Gwadabe, ya shigo fada da laka har gwiwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya san ɓarawon.

Sarki ya ce, "Ina yake?"

Ya ce, "Ya sarki, a kansa kake zaune."

Dogarai har sun fara leƙa ƙarƙashin shimfiɗa, tsoho ya ce su huta, ƙasa yake nufi. Ya ce tana jan kanta gabas da yamma, kamar mata biyu sun kama kwaɓin gurasa kowace na ja. Tsakiya sai ta yi siriri, ta tsage, ta lotsa, shi ne kwarin. Ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a can ma alamar wutar da ke ƙasa ce ta matso kusa. Kowace shekara gefen biyu suna ƙara nisa da abin da bai kai faɗin farce ba, har ranar da teku zai sami ƙofa ya shigo ya raba su.

Sarki ya yi dariya, ya tambaye shi ko a ƙasan rijiya ake ba da wannan karatu. Gwadabe ya ce ƙwarai kuwa. Yana saurayi ya bi jirgin fatake ya ƙetare teku, ya haƙa rijiyoyi a can gaɓar. Jan dutse ya tarar a ƙasa, gishiri a kansa, baƙar laka mai ƙwanson katantanwa a sama, bi da bi, yadda suke a gaɓar nan.

Ya ce, "Ya sarki, da can gaɓar nan da waccan ƙasa ɗaya ce, kwari irin naka ya raba ta. Wannan bakin teku naka da ba ya girgiza, ba ya aman wuta, tsohon rauni ne da ya warke, koguna suka yi ta rufe shi da yashi da laka."

Waziri ya yi wuf ya taya sarki murna, ya ce ga ƙasarsa tana faɗi ba yaƙi. Tsoho ya ce haka ne, amma ƙarin na kifi ne, kuma kafin su zo karɓa an manta sunan garin nan.

Sarki ya ce labari ya yi daɗi, amma labari ba shaida ba ne. Gwadabe ya tambaya, cikin ladabi, ko akwai wanda ya auna igiyar kanta. Wallahi babu wanda abin ya faɗo wa a rai! Ga shi kuwa kakan sarki ya sa an sassaƙa tsawon gaba guda a bangon zaure, ya ce igiyar ta yi gaba ɗari biyu.

Aka auna sau uku. Ba ta ragu ba, har ta ɗara da kamu guda. Nan Nomau, da ke ɗaure a gefe, ya fashe da kuka, ya ce tun kakansa, duk jajiberin awo sai su jiƙa ta, su sa shanu su ja har ta kai turke, don tsoron a ce sun taɓa ta. Bana dai fatar ta gaji.

Kunya ta kama sarki ƙwarai, ya ga shekara sittin gidan mutumin nan suna wahalar rufe wa ƙasa asiri saboda tsoron fada, shi kuma ya tashi saka musu da wuƙa. Ya sauko da kansa ya kwance Nomau, ya riƙe hannun nan da ya kusa yankewa. Ya yi umarni duk shekarar da igiya ta gaza a ƙara mata ta kowane gefe daidai, a gaban jama'a.

Sannan ya dubi waziri ya ce, "Rubuta a ƙofar zauren nan: kada mai hukunci ya auna laifin kowa sai ya fara auna igiyarsa."