Ƙwai Biyu, Kaza Ɗaya

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can gaba da inda fatake ke juyowa don tsoron abin da ke gabansu, an yi wani birni mai ganuwar jan dutse da ƙofofin tagulla, ana ce masa Kurmin Azurfa. Sarkin birnin, Jatau ɗan Gamji, Allah ya ba shi dakaru da dawaki da rumbuna da baitulmali, ya hana shi abu guda: haƙuri. In ya ce a kawo ruwa, kafin moɗa ta taɓa randa ya sa an tsinka wa mai ɗebowa bulala. Matarsa Ladingo ta haifa masa 'ya'ya biyu: Gimbiya Marka, wadda aka yi wa baiko da Barde Sodangi shugaban dakaru, da ƙanenta Yarima Tanimu, magajin gadon sarauta. Shi sarki in yana maganar 'ya'yansa, ɗaya yake ƙirgawa.

Wata rana da damina sarki ya fita farauta, ya iske gurbin zabuwar dawa a gindin sabara, cike da ƙwai masu sheƙi. To ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san ladabin gurbin zabo: ba a sa hannu, da ludayi ake ɗiba, kuma ba a kwashewa duka, sai a bar wa uwar abin da za ta dawo ta tarar. Barde Sodangi ya durƙusa ya tuna masa. Sarki ya ture shi da ƙafa, ya kwashe ƙwan kaf da hannunsa, ya sa aka soya masa da man shanu nan take, sannan ya tattake gurbin da takalminsa don kawai an ce masa kada.

Da labari ya iso wa Ladingo, sai ta ajiye abincin da ke hannunta. Ita a ƙauye ta tashi, cikin kaji da zabi, ta kuma san ba kowace zabuwar dawa ce zabuwa ba.

Kashegari da hantsi, fada ta cika, Ladingo na bayan labule da 'ya'yanta, sai guguwa ta shigo ta ƙofar zaure ta tsaya gaban karaga. Mace ta fito daga ciki, doguwa har kanta na gogar azara, sanye da mayafi baƙi mai ɗigo-ɗigon fari.

Ta ce, "Ya kai Jatau, ni ce Zarƙa'u, sarauniyar aljanun dawa. Jiya ka cinye zuriyata da man shanu. Da ka bar mini ko ɗaya, da na yafe. Ba ka bari ba. Yau za ka san abin da gurbi yake."

Ta miƙa hannu wajen labule. Ladingo ta ji hannun 'ya'yanta ya zame daga nata, ta duba cinyarta, sai ga ƙwai biyu: ɗaya fari na kaza, ɗaya ƙarami mai tauri da ɗigo-ɗigo, na zabo.

Zarƙa'u ta ce, "Ɗanka na cikin farin, 'yarka na cikin na zabon. Ɗumin mai rai kaɗai zai ƙyanƙyashe su, ba na wuta ba. Kaza ɗaya na yarje maka. Ka nemi ta biyu, duka su mutu. Zan dawo ranar da gurbi ya tashi, in ga abin da ka bari a ciki."

Guguwa ta ɗauke ta.

Aka tura Barde Sodangi neman kazar da ta dace. Ya haye koguna masu kada, ya ratsa ƙauyuka yana cusa hannu cikin akurki ana tsattsage masa yatsu, har ya samo wata jar kaza mai zafin kwanci, irin wadda ko maciji ya zo gurbinta sai ya koma da ido ɗaya. Ladingo da kanta ta gyara gurbi a ɗakinta. Ta ƙi kwandon zinariya da aka kawo, ta sa tsohuwar ƙwarya, ta barbaɗa toka don ƙuma, ta shimfiɗa ƙaiƙayi mai laushi. Sannan ta durƙusa gaban mijinta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon abu ɗaya. Ƙwan kaza mako uku yake yi, na zabo mako huɗu. In aka sa su tare, ranar da na fari ya fashe kaza za ta tashi, ta bar ɗayan ya yi sanyi. A sa na Marka tukuna, na Yarima ya jira mako guda a inuwa, ina juya shi. Ba abin da zai same shi. Sai su fito tare."

Sarki ya ce, "Kina tsammani ban sani ba? Ni ma a duniya aka haife ni. Magajina ne zai zauna cikin ƙwarya yana jiran mace?"

"Zaki, 'yarka ce."

"In tana da rabo ta yi sauri. A sa su yau."

Kun ji fa. Ba jahilci ba ne, ya sani sarai. Da ma a ce wawa ne, da an ce Allah ya shirye shi.

Aka sa su tare. Ladingo ta ɗiga wa kowanne gawayi a gefe ɗaya don ta riƙa gane ko kazar na juya su. Ta tare a gindin gurbin, ita ke ba kazar tsaba da ruwa, ita ke rufe ƙwan da auduga in kazar ta sauka shan iska. Da aka kwana biyu ta ɗaga kowanne ga hasken rana ta cikin dunƙulallen hannunta, ta ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki, da wani ɗan baƙin abu yana motsi. Ta yi kuka ba sauti, don kada kazar ta firgita.

Ranar da mako uku ya cika, da safe, farin ƙwai ya yi 'yar huda. Ladingo ta kara kunne ta ji ƙwanƙwasa daga ciki. Kafin ta miƙe, bayi sun kai wa sarki albishir, ya shigo da alkyabbarsa da makaɗa a bayansa.

Ya tsaya. Ya zauna. Ya miƙe. Rana ta ɗaga, hudar ba ta ƙaru ba sai kaɗan.

Ya ce, "Me yake jira?"

Ladingo ta ce, "Yana janye jininsa ne daga ɓawon, ranka ya daɗe, yana shanye sauran gwaiduwar ta cibiya. Shi zai fasa da kansa, ko da zai kai gobe. Don girman Allah kada a taɓa."

"Ɗana na shaƙe a ciki, ke kina ba ni labarin gwaiduwa!"

Ya fizge kazar ya yar. Ladingo ta riƙe masa ƙafa, ya shure ta har bakinta ya fashe. Ya ɗauki ƙwan, ya sa farcen babban yatsansa a hudar, ya ɓare.

Jini ya biyo yatsansa. A tafin hannunsa ga ɗan mutum kamar ɗan yatsa, jiƙe sharkaf. Da iska ta taɓa shi ya fara girma, har ya yi wa hannun nauyi ya zame kan darduma, ya koma Tanimu kamar yadda yake, sai dai cibiyarsa a buɗe take, jini na bulbula. Yaron ya buɗe ido ya dubi uban, ya ce, "Baba, sanyi nake ji." Daga nan rai ya yi halinsa.

Makaɗan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Sarki ya dubi jinin da ke hannunsa, ya dubi ɗakin yana neman mai laifi, don mutum irinsa ko ya faɗa rijiya da ƙafarsa, rijiyar ce ta taso masa. Idonsa ya sauka kan kazar.

Ya ce, "Ita ce. Ba ta ba shi ɗumi ba. Barde! Daga yau kada kaza ta ƙara numfashi a ƙasata. Kaza, zakara, tsako, zabo, agwagwa, duk mai kwanci a kan ƙwai a yanka. Gidan da aka ji cara, a yanka mai gidan."

Ya fara da jar kazar, ya murɗe mata wuya da hannunsa. Ya juya ga gurbin don ya tattake shi kamar yadda ya saba, ya ga ba komai ciki sai ƙaiƙayi. Bai ko tambaya ba. Ya manta akwai na biyu.

Yana ƙarƙashin ɗaurin ƙirjin Ladingo. Tun tana ƙasa bakinta na jini, hannunta ya riga hankalinta isa gurbin.

Sarki ya sa aka kulle ta a ɗakin, wai ta zauna da warin jinin ɗan da ta kasa tsarewa. Can waje Barde Sodangi ya cika umarni, ba don yana so ba, sai don tsoron a sare masa kai. Gashin kaji ya toshe magudanai, ungulaye suka ƙoshi har suka kasa tashi, tsofaffin matan da kaji ne gishirinsu da sabulunsu suka zauna ƙofar akurki wayam. Gari ya riƙa wayewa shiru kamar maƙabarta.

Ladingo ta naɗe ƙwan da auduga ta manna shi da fatar ƙirjinta. Ba ta kwanta ba, don kada ta danne shi. A zaune take gyangyaɗi, bayanta jingine da bango. Takan juya shi, takan shafa masa ɗan ruwan ɗumi da yatsa don ɓawon zabo tauri gare shi. Da ta ji jikinta na yin sanyi, sai ta roƙi Barde ta tagar ɗakin.

Ta ce, "Sodangi, kawo mini kunun yaji, mai citta da barkono, wanda zai ƙona ni."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, Marka na da rai?"

"Tana harbin ƙirjina. Kai dai rufe bakinka ka kawo kunu."

Ta sha yaji har leɓunanta suka tsage. Zazzaɓi ya kama ta, ta yi murna da shi.

Da mako ya zagayo, ƙwan ya yi huda. Wallahi a nan ne gwajin yake. Ta ji 'yarta na ƙwanƙwasa, ta gaji ta yi shiru, ta sake. Yatsun Ladingo suna son taimako, sai ta zauna a kan hannayenta. Yini guda tana zaune a kansu. Da la'asar sakaliya ɓawon ya tsage ya zagaye, ya rabu biyu, busasshe, ba ɗigon jini. Marka ta fito, ta girma a cinyar uwarta, ta ce, "Inna, ina Tanimu?"

Kafin ta amsa, ƙofa ta ɓalle. Sarki ne, ya ji murya. Ya dubi 'yarsa da rai, fuskarsa ta yi baƙi.

Ya ce, "Ashe ɗumin da ya kamaci ɗana kika ɓoye wa wannan?"

Ya zare takobi. Guguwa ta shigo ta taga ta tsaya tsakaninsu.

Zarƙa'u ta ce, "Gurbi ya tashi, Jatau, na zo duba abin da ka bari. Na ba ka biyu: ɗaya ka ɓare da farce, ɗaya ka manta da shi. Wadda ta rayu ba kai ka bar ta ba. Ban kashe maka kowa ba, kuma kai ma ba zan kashe ka ba. Hukuncin da na yi wa 'ya'yanka shi zan yi maka, ba ƙari."

Takobi ya faɗi, alkyabba ta zube. Cikin rawanin sarki ga ƙwai, babba, fari tas.

Zarƙa'u ta ce, "Kowace kaza a ƙasarsa na iya kwanta masa. In babu, duk mai son sa ya sa shi a jikinsa." Ta tafi, ba ta ƙara dawowa ba.

Aka yi shela, aka bincika akurki ɗaya-ɗaya. Ba kaza ko ta magani. Mafi kusa tana bayan koguna, kuma ba wanda ya ji dokinsa na da lafiyar tafiya. Waziri ya kai wa fadawa ƙwan a kan matashin alharini. Wannan ya ce yana da tari, wancan ya ce shi barcin rub-da-ciki yake yi. Daga ƙarshe ya durƙusa gaban Ladingo.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ke kaɗai kika san yadda ake yi."

Ta dubi ƙwan, ta dubi tabon da ke kan darduma. Ta ce, "Na sani, Waziri. Ɗumina ya ƙare. A ajiye shi a inuwa, ya jira."

Masu zaɓen sarki suka naɗa Marka sarauniya. Umarninta na farko, ta tura Barde Sodangi ƙasashen maƙwabta ya sayo kaji ya mayar wa kowane gidan da ya yi wa yanka, da hannunsa, yana ba da haƙuri. Ta ce ba aure sai ta ji cara. Kafin ayarin ya dawo wata biyu sun shuɗe. Da zakara ya yi cara a Kurmin Azurfa, mutane suka fito suna kuka, aka ɗaura aure, aka yi biki irin wanda jikoki suka riƙa ba da labari.

Ran walima, ana kiɗa a waje, Waziri ya tuna cewa yanzu akwai kaji. Ya ɗauko ƙwan ya kai wa Ladingo. Ta ce ai ba a sa wa kaza ƙwai sai an gwada. Ta sa aka kawo ƙwarya cike da ruwa, ta ɗauke shi da ludayi, ta saka a hankali. Mai kyau nitsewa yake yi. Wannan ya taso ya yi ta yawo a saman ruwa.

Ta ce, "Baragurbi ne. A kai shi bayan ganuwa, nesa da gidaje. Kuma a bi da shi a hankali, kada ya fashe wa mutane ranar biki."